Harawa a Lambun Inna

Inna ta rasu ta bar min ɗan lambu a bayan ɗakinta a Nima: rama, yakuwa, da barkonon da ta yi shekaru tana adana irinsa. Ban iya shuka ba, amma na iya ba da umarni. Da na ga ƙasar tana bushewa, sai na ɗauko wani mai gyaran fulawa daga Adabraka, ya rufe gindin shukokin da busasshiyar ciyawa don ƙasar ta riƙe laima.

Ya tambaye ni wace ciyawa zai sa. Na ce lambun Inna ya fi ƙarfin ciyawar bakin kwata. Na je da kaina na sayo harawa mai ƙamshi. Yana shimfiɗawa ina yi masa gyara, sai ka ce na gaji noma.

Na manta Babbar Sallah ta ƙarato, kuma gidanmu na haya ne, kowace ƙofa da ragonta.

Ina dawowa daga sallar La'asar na tarar ragunan sun tsinke igiya. Sun cinye harawar, sun haɗa da ramar da yakuwar, barkonon kuwa sun tattake shi. Na durƙusa ina tonon ƙasa, ko saiwa ɗaya mai rai ban samu ba.

Hajiya Memuna, ƙawar Inna, ta taya ni kuka. Sannan ta share hawaye ta ce, "Ɗana, amma fa ragona ya ƙoshi."

Har yau wurin fili ne. Duk Layya kuma sai ta aiko min da cinya guda, a ce, "Ga rabon mai kiwo."