Ranar da na cire wa doya hula

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin koyarwa ba, a wata sakandaren gwamnati a Minna, lokacin yaƙin basasa. Malamai da yawa sun tafi, muka rage mu bakwai. Tarihi na karanta, amma aka haɗa mini da Turanci da labarin ƙasa. Da malamin aikin gona ya bi sahu, shugaban makaranta ya miƙo mini littafinsa ya ce, "Malam, kai ne matashi, ka riƙe mana."

Na karɓa ina murmushi (ni da ko tattasai ban taɓa shukawa ba). Ɗalibaina kuwa 'ya'yan manoman doya ne daga Kuta da Paiko. Nakan haddace shafi biyu, in shiga aji ina hura hanci.

Rannan aka ce sufeton makarantu zai zo, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki. Na leƙa gonar makaranta, na ga kowane tulin ƙasa da aka binne irin doya an ɗora masa busasshiyar ciyawa. Ƙazanta! Na tara aji na ce a kwashe tas.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu. "Malam, wannan ciyawa..."

"Ni ne malami ko kai?"

Suka kwashe, suna ƙunshe dariya. Sufeto bai zo ba sai bayan mako biyu, ga zafin bazara.

Da ya iso (dattijo ne, mutumin Paiko), na ja shi gona da kaina. Ya tsaya cak, ya tona tuli ɗaya, ya zaro iri, duk ya dahu ya ruɓe.

"Wa ya cire wa doyar nan hula?"

Ban ma lura da abin da ke hannunsa ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe!"

Ashe ciyawar ce ke kare irin daga rana. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Tabbatarwa dai sai da na ƙara shekara. Kora kuwa ba a yi ba, don babu mai maye gurbina. Lissafi ma aka ƙara mini. Tun daga ranar, in ɗalibi ya ɗaga hannu, sai na bari ya kai ƙarshen maganarsa.