Ranar da Gidana Ya Kulle Alhaji Bala

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gayyaci Alhaji Bala cin abincin rana. Kwangilar gidajensa na haya da ke unguwar Kudai nake nema, kuma a kanta na jingina komai: kayan da na tara a ɗaki, ɗan sunan da na fara yi a Makka, da mutuncin abokina Malam Sani, wanda ya tsaya mini har Alhaji ya yarda ya zo.

Ni dillalin kayan lantarki ne. A Kano na fara da gyaran fanka har na buɗe shago, daga baya na zo nan na kama haya a unguwar Shisha, iyali suna gida tukuna. Ban daɗe ba na lura masu gidajen haya sun gaji da baƙin da ke barin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki ke nan) a kunne su tafi Harami su wuni. Na ce ga kasuwa. Na samo kayan da ke sa gida ya kula da kansa: fitila, labule, ƙofa, har da wani faifan shara mai yawo a ƙasa shi kaɗai. Daga Jamus suke zuwa, ta hannun wani ɗan tsakiya a Jidda mai cin ribata. Masu kayan ba Musulmi ba ne, babu mai shigowa Makka ya ɗaura mini, don haka na ɗaura da hannuna, na kuma ƙudura koyon Jamusanci don in riƙa ciniki da su kai tsaye.

A nan wayona ya yi yawa. Na ce mutum ba ya koyon yare sai dole ta kama shi, sai na mai da komai na gidan Jamusanci. In ban faɗi daidai ba, fitila ba ta kamawa. (Na sha yin alwala a duhu.) Na kuma tsara cewa da zarar wayata ta yi nisa da ginin, gida ya ɗauka ba kowa: ya kulle ƙofa, ya kashe mukayyif, ya ja labule, faifan shara ya fito aiki, in ya ga motsin mutum ya yi kururuwar ɓarawo. Abin da ke kashe kururuwar kuwa jimla ce ta Jamusanci, duk mako ina sauya ta da wadda nake hadda.

Bayan Azahar Alhaji da Malam Sani suka iso. Alhaji Bala dattijo ne haifaffen Makka, kakansa ne ya zo aikin Hajji ya zauna, Hausarsa rabi Larabci ce. Na yi gyaran murya na ba labule umarni, ya zuge. Na ce da fitila ta rage haske, ta rage.

"Masha Allah, ya waladi," in ji Alhaji, wato ɗana. "Ashe har aljanu kake sayarwa."

Na shimfiɗa leda a kan kafet, na jera tuwon shinkafa da miyar taushe da kaji, waɗanda na sayo wurin wata Hajiya a unguwar Mansur. To, ka san tarbiyyarmu, ba a zama a zura wa babba ido yana kai loma. Na ce, "Bismillah, Alhaji, bari in sauka in samo mana nono mai sanyi." Na fita, wayata na aljihu. Shagon da ke ƙasanmu a rufe, sai na miƙa titin gaba.

Ina cikin zaɓen nono Malam Sani ya kira ni. Da ƙyar nake jin sa saboda jiniya.

"Mutumina, kana ina? Wata mata na ta yi mana faɗa daga cikin bango, sanyi ya ɗauke, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Kuma wani faranti ya shiga miya."

Rabona da gudu irin na ranar tun ina yaro. Na tarar da maƙwabta cike da matakala, mai gadin gini riƙe da waya yana shawarar kiran 'yan sanda. (Baƙo ba ya son jin wannan sunan, ko da takardunsa sun cika.) Na roƙe shi ya dakata, na tsaya gaban ƙofata, na buɗe baki in faɗi jimlar makon. Babu ita. Ta gudu kamar mai bin ta bashi ya shigo layi.

Sai na fara zazzage duk abin da ke kaina. Na gai da ƙofa da barka da asuba. Na gaya mata sunana da shekaruna. Na tambaye ta hanyar tashar jirgin ƙasa. Na nemi ta kawo mini kofi da madara. Matar bango ta ci gaba da faɗanta, maƙwabta suna kallon gardi da gemu yana zufa, ledar nono a hannu, yana yi wa katako yaren da ba wanda ya taɓa ji. Na buɗe waya, ita ma Jamusanci zalla, na danna abin da ya fi kama da ceto.

"Yanzu kuma fitilu sun koma ja," in ji Malam Sani daga ciki.

Can na ji muryar Alhaji dab da ƙofa, a natse.

"Ya waladi."

"Na'am, Alhaji."

"Khalas, bar wa'azin nan haka. Ƙofar nan ba ta da mukulli irin na 'yan Adam?"

Tana da shi. Yana aljihuna, a zobe ɗaya da na mota.

Na buɗe, zafi ya doke ni kamar bakin tanda. Malam Sani na tsaye a kan matashi, ya ɗaga tiren kaji sama da kansa. Faifan shara ya yi wa kafet zane da miyar taushe tun daga ƙofa har taga, kuma bai gama ba. Na cire wutar komai daga bango, gida ya yi tsit. Alhaji kuwa ya koma ya zauna, rigarsa jiƙe sharkaf, ya jawo sauran tuwon gabansa.

Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ina jiran ya nemi takalmansa. Ya ɗaga mini hannu, ya karɓi nonon ya sha, ya goge baki.

"Malam Sani, da izinin mai gida muka shigo, amma abin nan bai bar mu mun fita ba. Ina ga wanda ya shigo ta taga?" Ya juyo gare ni. "Faifan nan ka riƙe abinka. Matar nan ma, muddin ba ta jin Larabci, kada ta taka mini gida. Amma ƙofar da abin kashe mukayyif sun yi. Gobe bayan La'asar ka same ni a Kudai."

Sai lokacin na tuna ana numfashi.

Darasin da na ɗauka shi ne, kunyar Bahaushe da na'urar Bajamushe ba su san juna ba, in za ka ba baƙo wuri ya ci abinci, ka bar masa wayar a gida. Da na zauna lissafi, na yi asarar kafet, da rabin kwangila, da sunana na yanka, don har yau Bajamushe ake kira na a ginin. Na samu ƙofofin gidajen Alhaji da mukayyif ɗinsu gaba ɗaya. A irin kasuwar da na taso, wannan riba ce.