Sabis Ya Ɗauke

A tashar kwalekwalen Yelwa ni ne sarkin ludon waya. Sirrina ɗaya ne: da na ga za a cinye ni, sai in kashe data, in ce sabis ya ɗauke.

Da masu wasan suka rufe min asusu, na aika musu ƙorafin da ko alƙali sai ya yi hawaye. Amsa na zuwa, na miƙa wa mai shayi ya karanta a gaban masunta, don duniya ta shaida an zalunce ni. Wai sun duba, sabis ɗina bai taɓa ɗaukewa ina kan nasara ba.

Jiya Inna ta tambaye ni kifin da ta aike ni saye, na kama lallatsa waya. Ta ce, "Mi na na? Sabis ya ɗauke?"