Ranar da Kaka Ta Shayar da Kara

"Mu dai lafiya lau muka tashi, tunda ba mu ci amanar kowa ba," in ji Kaka, ƙafarta ɗaya a cikin rumfar, ɗaya a waje. "Kai ne abin tambaya, mijin da ya yi kwana tara bai leƙa ɗakin matarsa ba."

"Wace matar kuma? Ai tun bara na sake ki, takardar ce kika kasa karantawa."

"Da wane alƙalamin? Kai da ko ɗan kunne ba ka taɓa saya mini ba. Matsa in wuce, ƙazami."

Jikanta ne, ɗan 'yarta ta fari, wanda duk unguwa ke kira Mai-inji. Da can walda yake yi, ƙofofi da tagogi, yana cin abincinsa lafiya. Sai shekara guda da ta wuce ya ga manoma na cinna wa karan shinkafa wuta bayan girbi, hayaƙi ya rufe hanya har motoci na kunna fitila da rana, abin ya tsaya masa a rai. Ya kafa rumfar kwano a bayan gidan uwarsa, ya haɗa inji biyu da hannunsa. Ɗaya yana niƙe kara ya zama gari, ɗayan yana matse garin ta cikin wani farantin ƙarfe mai huji-huji, don ya fito curi-curi kamar gaɓar yatsa, a hura a murhu maimakon itace.

Kaka ta ce babban daronta da ya ara ta zo karɓa. Daron kuwa ko a jikinta. Da safe ne 'yarta ta shaida mata cewa mai gidan burodin bakin titi zai zo bayan la'asar ya gwada curin, kuma wannan ne zuwansa na uku. Sau biyu yana komawa yana kaɗe gari daga hannunsa. Yaron ya rantse in yau ma abin bai yi ba, zai kwance injin ya sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, kada a sake yi masa zancen kara. Shi ya sa tsohuwa ta ɗauki sandarta, ta tako da gwiwar da ba ta son tafiya.

Ta leƙa tiren da ke ƙarƙashin injin, ta ɗauki curi ɗaya. Kafin ta kai shi kusa da ido ya ruguje a tsakanin yatsunta.

"Wannan ne abin da ya raba ni da kai? Akuyata ma ta fi ka iya wannan aikin. Nata yana fitowa mulmul, kuma ba ta shan lantarki."

"To ki kawo ta in ɗauke ta aiki. Ke kuma in ba ki gadi, fuskarki kaɗai ta isa ta kori ɓarawo."

"Fuskar da kakanka ya yi wata uku yana zarya a kanta?"

"Allah ya jiƙansa, ai mun san ba ya gani sosai."

Ya yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Kaka ta dubi idanunsa da suka faɗa, ta dubi kwanon abincin da ke kan benci ba a ko buɗe ba, tausayinsa ya kama ta. Sai dai tausayi a fili ba ya cikin tsarinsu, don haka ta ja kujera ta zauna, ta ce ya ba ta labarin asarar tun daga farko, ta samu abin ba wa maƙwabta dariya.

Ya zayyana mata. Ya canza faranti, ya ɗaure tayoyin matsi har spana ta lanƙwashe, ya sake niƙa garin ya yi laushi kamar hoda, duk a banza. Abu ɗaya dai ya tabbata bai yi sakaci da shi ba, kuma da alfahari ya faɗe shi: karan nan ya bushe. Kwana ashirin ya yi yana shanya shi a kan rufi, da yamma ya lulluɓe da tamfol kada raɓa ta taɓa. Ai kowa ya san ɗanyen itace ba ya ci, abin wuta kuwa babban maƙiyinsa ruwa.

Kaka ta miƙa hannu cikin buhun garin har gwiwar hannu. Shekara arba'in ta yi tana ginin tukwane, tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, kafin robobi da ciwon gwiwa su haɗa baki su zaunar da ita. Ta dumtsi garin ta matse, ta buɗe. Ya zurare ta tsakanin yatsunta kamar yashi.

"Ƙishi yake ji. Miƙo mini butar can."

"Ki yi me da ita?"

"In yi maka wankan da uwarka ta kasa."

Da ya gane abin da take nufi sai ya tsaya a gaban buhun ya baje hannuwa, kamar mai tare kaza.

"Ruwa a cikin abin wuta? Lalle tsufa ya fara taɓa ki. Bari in kira a zo a mayar da ke gida kafin ki fara gaida bishiya."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tukunya da wuta ake gasa ta, amma da me ake gina ta?"

"Wannan ba tukunya ba ce, kimiyya ce."

"To kimiyyar taka ga ta nan a tire, iska na kwashewa."

Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce garin da ya rage buhu huɗu ne kacal, in ta jiƙa shi ba ya da lokacin sake shanya. Ta ce daro ɗaya take so, kuma daron nata ne, in ya ga dama ya kai ta ƙara. Ya cika daron yana gunaguni. Ta tsiyaya ruwa a tafin hannu tana yarfawa da yatsu, tana juyawa daga ƙasa zuwa sama, ta sake yarfawa, ta sake juyawa. Shi kuwa kowane ɗigo sai ya runtse ido kamar a jikinsa ake zubawa. Da ta gama ta rufe daron da buhu, ta ɗora sandarta a kai, ta ce sai ya kwanta ruwan ya ratsa shi.

Jiran nan ne ya fi yi masa wuya. Aka kira azahar, ya je ya dawo, daron na nan a rufe. Ya duba waya ya fi sau goma. Ya kai hannu zai ɗaga buhun, ta kwaɗa masa sanda a bayan hannu.

"Sauri ya haifi nawa. Haka ka fito duniya, wata bakwai, ko gashi babu, kamar ɓeran da aka tsamo a randa."

"Ke kuma da kika yi haƙuri me kika samu? An ce ranar da aka haƙa rijiyar unguwa kina nan da jikoki."

"Ƙarya ne, ranar ina amarya."

"Amaryar wa? An ce ke kika yi wa tukunyar farko marfi."

"Kuma har yau ba ta fashe ba. Kai fa, me ka gina da ya kwana?"

Wannan ta shige shi fiye da yadda ta so. Ya kau da kai ya dubi injin. Kaka ta ji haushin bakinta, don ta san zolaya ma tana da inda take tsayawa. Ta janye sandar, ta yaye buhun, ta dumtsi garin ta matse. Da ta buɗe hannu sai ga dunƙule a tsaye, da sawun yatsunta a jiki, tafin kuma babu danshi. Ta taɓa shi da ɗan yatsa, ya rabe biyu. Ta ce ya tayar da dodon nasa.

Injin ya ɗauki ruri, rumfar kwanon ta shiga rawa. Mai-inji ya fara zuba garin da kofi. Abin da ya fara fitowa ƙura ce da ɓarɓashi, irin na kullum. Ya juyo ya dube ta, ba zagi, ba dariya, kuma a nan ne tsoro ya kama ta sosai. Ita yumɓu ta sani, ba ta taɓa ciyar da ƙarfe ba. In ta ɓata masa gari da lokaci a ranar da ba shi da wata, da wane ido za ta dubi 'yarta? Ta yi masa alama da sanda ya ci gaba da zubawa, bakinta na motsi da addu'a a ɓoye.

Farantin ya ɗauki zafi. Wani ƙamshi ya taso kamar na sabuwar tabarma da aka bari a rana. Sai ga curi-curi suna leƙowa ta hujin, dogaye, masu sheƙi, suna tururi, suna karyewa da kansu suna faɗawa tire da ƙara. Mai-inji ya ɗauki ɗaya, zafin ya ƙona masa yatsu, ya yar. Curin ya bugi siminti ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin benci, bai fashe ba. Yaron ya juya mata baya ya daɗe yana gyara wata ƙusa da babu abin da ya same ta.

"Kuka kake yi?"

"Ƙura ce."

"Ƙurar ma ta san rago."

Daro uku suka ƙara kafin la'asar, ita tana yarfa ruwa, shi yana juyawa. Mai gidan burodi ya zo a kan lokaci, ƙaton mutum marar yawan magana, da fulawa a gefen farcensa. Ya gaida Kaka har ƙasa, sannan ya ɗibi curin da ya huce ya murza a tafinsa da ƙarfi, ya duba hannun. Aka zuba a ƙaramin murhun ƙarfe aka kunna. Wutar ta kama a hankali, ta miƙe tsaye, hayaƙin bai kai na ashana uku ba. Mutumin ya tsuguna ya kara hannu, ya zauna har ta cinye, ya tona tokar da tsinke. Da ya tashi ya ce ranar Asabar zai aiko a ɗauki buhu goma. Amma tanderu ba ya son yau fari gobe baƙi, in na Asabar ya bambanta da wannan, to kowa ya kama gabansa.

Bayan ya fita, Mai-inji ya zo ya durƙusa a gaban kujerarta.

"Na mayar da ke ɗakinki."

"Sai na yi shawara."

"Kofi nawa kika zuba a daro?"

"Wa ya ƙirga? Karan yau ba shi ne na gobe ba. Na kan rufi daban, na inuwa daban, na damina daban."

Ya sosa ƙeya. Ya ce to shi ke nan, kullum da safe zai zo ya ɗauko ta a babur, zai haɗa mata kujera mai katifa da wurin ɗora ƙafa, ita ce shugabar sashen ruwa. Maganar ta yi mata daɗi, ba ta musu. Shekaru ke nan ba wanda ya nemi hannun nan nata don wani aiki, sai dai a riƙe shi a tsallakar da ita kwata. Ta dubi hannun, jijiyoyi duk a waje. Sai ta girgiza kai, ta cafko wuyan hannunsa ta tsoma a cikin sauran garin da ke daro, nata a kan nasa.

"Matse. Ba haka ba, ba spana ba ce. Ka ji sanyin nan da ke tsakiya? Shi za ka riƙa nema. In ya manne maka a tafi ya yi yawa, in ya zurare bai isa ba."

"Ke dai ki zo kawai, me zai sa in wahala ga ki?"

"Hannun nan aro ne, ɗan nan. Mai shi ya kusa aikowa a karɓa."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke? Ai sau biyu mutuwa na zuwa, ta ji bakinki daga zaure ta koma."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta sake masa hannu, ta tura masa buhun busasshen gari da ƙafa, ta miƙa masa butar. Ya yarfa, ya juya, ya yi yawa, ta ce ko kunun jarirai yake damawa. Ya ƙara gari, ya yi kaɗan, ta ce rowa ce irin ta dangin ubansa. Suka rufe, suka jira, wannan karon bai duba waya ba. Da ya yaye buhun ya dumtsa ya matse, ya buɗe tafinsa a gabanta a hankali. Dunƙulen ya tsaya, da sawun yatsunsa huɗu a jiki.

Kaka ta karkata kai ta duba ta dama, ta duba ta hagu, ta taɓa shi ya rabe biyu. Ta nemi abin zagi ta rasa.

"Ba laifi," ta ce, "ga hannun ƙazami."