Ɗan Wasana Daga Gana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na mayar da ɗan Bulumkutu baƙo a gaban mahaifinsa ba. Wani ƙaramin kulob na Kano ne ya turo ni Maiduguri, aikina na farko a matsayin mai farautar 'yan wasa. Kocinmu ya ce akwai wani mai tsaron baya, Modu Gana, in je in gani ko ya isa a kira shi gwaji. Da jin "Gana" na gama lissafina: ɗan ƙasar Gana ne ƙaddara ta jefo Borno. (Ban tambayi kowa ba. Ai gwani ba ya tambaya.)

Keke napep ya sauke ni a filin ƙwallon unguwar Bulumkutu, na samu benci kusa da wasu dattawa biyu. Ɗayan ya ce mini "Wushe," na gyaɗa kai kamar na gane.

Gaskiya yaron ya burge ni. Ba ya rugawa kan ɗan gaba, jira yake sai mutum ya nuna inda zai bi, sannan ya zare ƙwallon cikin ruwan sanyi. Ta sama kuwa ba a cin sa. Da aka samu bugun tazara ya narka ta da ƙafar hagu, gola ya tsaya yana kallon raga kamar wanda mota ta bari a tasha. Aibinsa ɗaya, yana da nauyin juyawa, kuma atisaye zai gyara wannan. Raina ya yi fari, har ina hango shi a babban kulob.

Daɗi ya kwashe ni, bakina ya ƙi rufuwa. Na juya ga dattijon da ya ce mini "Wushe" na ce, "Baba, ka ga bambancin horon waje? Yaranmu na nan sai gudu kamar an koro su. Wannan kuwa da gani ka san a Gana aka raine shi."

Ya dube ni ya ce, "Haka ne?"

"Wallahi. Ƙasar nan ba ta fitar da irin wannan ƙafa."

Da aka tashi, na tare yaron da Turancina na ranar Sallah, ina tambayarsa labarin Kumasi. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya wuce ni ya durƙusa gaban dattijon, suka yi ta Barbarci. 

Dattijon ya ce, "Malam, ɗana ne. A bayan filin nan aka yanke cibiyarsa, ni na fara koya masa ƙwallo. Gana a yarenmu ƙarami ke nan. Sunan yayana ya ci, ga shi nan zaune, Modu Kura."

Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "Kura?"

"Babba ke nan. Shi ma ba daga dawa muka kamo shi ba."

Dattijo na biyu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya fi damuna, yaron ba zai taka Kano ba sai da yardar mutumin da na gama zage wa gari. Na ga idon Modu a kaina, na san idan damar nan ta kuɓuce masa, bakina ne sila.

Na durƙusa na ce, "Baba, a yafe mini. Jahilci ne."

Ya ja carbinsa ya ce, "Ka iya kallon ƙafa, wannan na yarda. Zai bi ka. Amma duk wanda ya tambaye ka daga ina yake, da bakinka za ka ce Bulumkutu."

Modu ya ci gwajin, yau shi ne kyaftin ɗinmu. Shi Modun kuwa tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Malam Kumasi, har matata ta ɗauka. Yanzu kafin in auna ƙafar ɗan wasa, sai na fara tambayar ma'anar sunansa.