Ƙararrawar Farfesa Almu

"Ni fa ko tunkiya kuka ba ni, sai na mai da ita ɗalibar jami'a."

Haka Almu ya faɗa a teburin mai shayi na Ƙofar Guga, yana hura hanci. Mai karatu, bari in gaya maka waye Almu. Zango ɗaya ya yi a makarantar gaba da sakandare aka koro shi, ya dawo da tabarau da sunan Farfesa, wanda shi ya raɗa wa kansa. Abu guda ya tsinto a aji: wai wani masani ya riƙa kaɗa wa kare ƙararrawa kafin ya ba shi nama, har ta kai da jin ƙarar kaɗai karen ke dalalar da miyau.

Kawunsa Alhaji Mamman na kiwon manyan raguna a bayan gida. Almu ya ishe shi da surutu har ya yarda: in ragunan suka koyi amsa kiran ƙararrawa, kiwon ya zama a hannunsa. In ba haka ba, ya koma dakon buhu a shagon Kawu na Babbar Kasuwa, aikin da ya tsana kamar mutuwarsa.

Gogan naka ya samo ƙararrawar keke. Kullum sai ya shigo da kwanon dusa, ya rangaɗa sallama daga bakin ƙofa, sannan ya kaɗa, ya zuba. Dolon bai lura sallamar ce ke fara isa kunnen ragunan ba.

Ranar gwaji ya tara abokan shan shayi, ya kwance ragunan, ya tsaya tsakar fili hannu a ƙugu. Ya kaɗa, ya kaɗa, har yatsa ya sage. Ko kunne ba su ɗaga ba. Ya ce ai ilimi ba ya son gaggawa.

Ana haka Kawu ya shigo ya yi sallama.

Ragunan suka zabura, miyau na zuba, suka yi kan Almu, mai kwanon da suka sani. Babu kwano. Babbansu ya ja da baya ya tunkuye shi, tabarau gabas, hula yamma. Maƙwabta suka ji ihu suka yi ta shigowa, kowa da sallamarsa, kowace sallama da nata karon.

"Don Allah ku shigo shiru!" in ji Farfesa daga ƙasa.

"A gidana za ka hana sallama? Gobe kasuwa," in ji Kawu.

Kwanaki bayan nan, wani mai sayen gero ya yi sallama a bakin shago. Kafin ya rufe baki Almu ya yar da buhu, ya ɗare kan tarin hatsi. Mutumin ya tambaya ko lafiya.

"Lahiya lau, Malam," in ji Kawu. "Ilimin nashi gaskiya ne. Duk cikin garken, wanga ne ya hi ɗaukar karatu."