Turaren Wuta a Gidan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da yadda na kwashe jama'a daga cikin ƙanƙara na zube su a zafin Riyadh ba.

Lokacin ban daɗe da samun aiki a wani gidan wasa ba, inda inji ke zuba ƙanƙara mutane su zo da 'ya'yansu su yi sulu a kai. A gefe akwai ɗakin katako na hutawa da shan shayi, nan nake raba wa baƙi rigunan sanyi. Iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kamfanin take, kuma mudir, wato manajanmu, ya yi alkawarin taimaka mini in kawo matata.

Matsalar rigunan nan wari. Wannan ya tuɓe, wancan ya saka. Ni kuwa ɗan Maiduguri ne, hancina ba ya jure haka. Ga shi uwargida ta aiko mini da turaren wuta haɗin hannunta. Na ce yau sai na burge mudir. Na hura gawayi a kasko cikin ɗakin ajiya da ke jikin ɗakin katakon, na kifa kwando, na jibga riguna a kai kamar yadda ake yi a gidanmu, na ja ƙofa don ƙamshi ya kama. (Na ga wani farin abu manne a silin yana ƙifta jan ido. Na ɗauka kyamara ce, har hula na gyara.)

Ashe na'urar jin hayaƙi ce. Jiniya ta ɓarke, ƙofofi suka buɗe da kansu, masu gadi na ihun "Barra! Barra!", wato kowa ya fita waje. Ni ma da ni aka ruga, ina salati, ina tambayar ina wutar take.

Ga mu a filin ajiye motoci, rana tsaka, kowa cikin rigar sanyi da safar hannu, gumi na zuba, yara na kuka. Can sai ga wani ɗan kwana-kwana ya fito riƙe da kaskona.

"Na waye wannan?"

Wayyo Allah! Na hango kaina a jirgin komawa gida, na hango fuskar matata. Na ɗaga hannu a hankali, kowa ya juyo.

A ofis mudir ya wanke ni tas. Ya ce da gawayin ya lashi riga ɗaya, ɗakin katakon nan da tuni ya zama toka, kuma gaskiya ya faɗa. Ina jiran in ji "tattara kayanka", sai ya sunsuna hannun rigarsa da ƙamshin ya kama.

"Wa ya haɗa wannan turaren?"

"Matata, ranka ya daɗe."

"To, in ta iso ta zo wa iyalina da shi. Kai kuma ko ashana kada in ƙara gani a hannunka."

In ta iso! Wallahi sai na hau zuba masa godiya don daɗi.

Ta iso kuwa. Yanzu in ta ɗauko kasko a ɗakinmu na unguwar Al-Oud, ni ne mai ɗaga kai in duba silin tukuna.